Baba Shiru da Muryoyin Mata Talatin

Shekara ashirin da bakwai ya yi a ɗakin karatun jami'armu, kuma kalma ɗaya ya fi furtawa, shi ya sa muke ce masa Baba Shiru. Ko uban ɗalibi ne ya zo tambayar littattafan da ɗansa ke ara, Baba zai ba shi kujera da ruwa, amma amsa kam sai dai ya haƙura.

Da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka shigo, aka ɗora masa aikin buɗe wa ɗalibai wadda jami'a ta amince da ita. Mutumin da ke danna kwamfuta da yatsa ɗaya! Ni ma na yi dariya.

Ina rubuta kundin digirina na uku a lokacin. Na naɗi hira da mata talatin masu jinyar mazajensu da suka samu taɓin hankali, na kuma rantse wa kowacce ba mai jin muryarta sai ni. Saura sati uku in miƙa, ko rabi ban mayar rubutu ba.

"Baba, manhajar jami'a tafiyar hawainiya take wajen mayar da murya rubutu. Akwai ta kyauta a wayata, yini ɗaya ta gama."

"Ina take kai muryoyin, 'yata?"

"Oho."

"To, ta jami'a dai na sani. A gidan nan suke tsayawa, in kin gama a goge. Matan nan da ke suka yi alkawari, ba da oho ba."

Na tashi fuu, har na buga masa ƙofa. Washegari na dawo a kunyace, na tarar ya share mini teburin da ke bayan kantar bayar da littattafai, ya ajiye matashi a kan kujerar. Kullum in zan kunna murya sai ya ɗauki kofin shayinsa ya fita baranda, duk da ciwon gwiwarsa. Tun rasuwar mahaifina ban ƙaunaci wani dattijo haka ba.

Na miƙa a ranar ƙarshe, da kyar.

Bayan wata biyu ɗaya daga cikin matan ta kira ni, tana magana ƙasa-ƙasa. Za a aurar da 'yarta, dangin ango sun fara bincike.

"Malama, don Allah gaya mini gaskiya. Ba wanda ya ji ni ko?"

Ban ko yi tunani ba.

"Babu, Inna. Wallahi babu."