Leɓen Kifin Roba: Daga Hayyul Ashir zuwa Ƙanaɗir

Ƙarfe biyar da minti ashirin na asubar wata Alhamis, cikin Nuwambar 2014, lissafina ya fara rushewa. Ina ɗaura igiyar takalmi a ƙofar gidan hayarmu da ke Hayyul Ashir, cikin Madinatu Nasr a birnin Alƙahira, sai saƙon ƙanena Sani ya shigo waya: "Yaya, ina Kontagora sai Litinin. Goggo ma ta tafi suna Zuru. Ki kira Baba da kanki mana."

Ku da ke Yawuri kun san nauyin wannan magana. Ni ce 'yar fari. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa yi masa tambaya ido da ido ba. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, sauran magana Sani ko Goggo ke kaiwa su kawo.

Ga kuma abin da ya fito da ni da asuba. Kafaɗar Baba ta daina jefa birgi, ragarsa ta kamun kifi, tun damina. Baffa Isa har ya samo mai sayen jirgin Baba, ya ce in baƙin ruwa, cikar kogi ta lokacin sanyi, ya zo ya wuce bai kama abin kirki ba, to ya haƙura da kogi, ya zauna masa a shago. Baba bai yi musu ba. Sai dai ya aiko ta bakin Sani cewa a nemo masa kifin roba irin wanda ya taɓa gani a hannun wani baƙo a Kainji, wanda ake ja a bayan jirgi ba sai an yi jifa ba. Wani ɗalibi ɗan Birnin Kebbi zai tashi zuwa gida da asubar Juma'a, shi zai tafi da saƙon. Wuni ɗaya ke hannuna.

Na yi mako biyu ina karatu a kan abin. Na san leɓen da ke gaban bakinsa shi ke nutsar da shi: gajeren leɓe sama-sama yake tafiya, dogo kuwa ƙasa yake nema. Abu guda ya rage, zurfin ruwan da Baba zai ja shi. Shi na aika Sani ya tambayo.

Daga Ashir zuwa Ataba

Zinatu, abokiyar ɗakina 'yar Kano, ita ta raka ni. Mun shiga ƙaramar bas zuwa Abbasiyya, direba na ta "yalla, yalla" alhali motar ba ta cika ba. A hanya na nuna mata saƙon.

"To ki kira shi mana, 'yar Sarkawa. Ni fa har faɗa muke yi da Abbanmu a waya."

"Ke auta ce."

"Ke kuma gunki ce. Ba ni lambar in gaisa da surukina."

Na mayar da wayar cikin jaka, na ja zif.

Daga Abbasiyya muka sauka jirgin ƙasa, muka shiga taragon mata, tasha kaɗan sai Ataba. Nan kuskure na biyu ya bayyana: na manta mutanen Alƙahira ba sa buɗe shago da sassafe. Layin masu kayan kamun kifi duk a garƙame. Muka tsaya wajen mai wake a keke, muka ci ful da ɗa'amiyya, wato ƙosansu, da gurasa mai zafi, muka sha shayi har sau biyu, Zinatu na lissafa mini barcin da na ja mata asararsa.

Shagon Ammu Sabri

Sai da hantsi ya yi sosai wani dattijo mai gilashi ya ɗaga ƙofar shagonsa. Maƙwabta na kiransa Ammu Sabri. Bango guda kifayen roba ne a rataye, kowanne da ƙugiyoyi masu baki uku a ciki da wutsiya.

Zinatu ta fara cafko wasu ƙanana, masu kyau kamar 'yan kunne. A jikin kwalinsu akwai hoton wani faffaɗan kifi mai ɗigo-ɗigo, kamar karfasa ta yi ƙyanda.

"Ajiye," na ce mata. "Na wani ɗan kifin tafkunan Amurka ne mai laushin baki. Giwan ruwa zai miƙe ƙugiyar nan kamar allura."

Ammu ya dube ni ta saman gilashi. Na tattaro Larabcina na yi masa bayani. Ina son mai tsawon tafin hannu, mai tauraren ƙugiya. Launi kuma na azurfa da baƙin baya, domin baƙin ruwa garai-garai yake zuwa mana, kifi na gani da kyau. Mai ruwan ɗorawa da ƙararrawa a ciki na farin ruwa ne, lokacin da kogi ya dame. Sannan ina son siririyar waya ta ɗaurawa a gaba, saboda haƙoran kifin tsage.

"Tamam, ya duktura," in ji shi, wato "ya yi daidai, dakta." "Saura leɓe. Ruwan mahaifinki mita nawa ne?"

Na ce masa ban sani ba.

"Kira shi ki tambaya, ga kujera."

"Ba ta iyawa, Ammu," Zinatu ta karɓe. "Kunyarsa take ji."

"Kunyar ubanta? Ni 'yata ta fari ita ke riƙe makullin gidana!"

Bai gane ba, ban kuma tsaya fassara ba. Na ce ya haɗa mini iri uku, shida gaba ɗaya, iya abin da kuɗina zai kai ke nan. Ya girgiza kai. Kifin roba ɓata yake yi, in ji shi. In na raba biyu-biyu, huɗu sun tashi a banza, biyun da suka dace kuma mako ɗaya zai cinye su. Na san gaskiya ya faɗa. Na kuma san tafkinmu cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun zamanin da aka datse kogi. Dogon leɓe a inda bai kamata ba, ranar farko zai maƙale. Baba kuwa ba zai taɓa cewa 'yarsa ta aiko da abin da bai yi ba. Godiya zai aiko, ya bari a sayar da jirgi.

Muka shirya da Ammu: in ɗauki ɗaya daga kowane iri in gwada a ruwa, in dawo kafin isha ya musanya mini, muddin ban lanƙwasa ƙugiya ba.

Shubra zuwa Ƙanaɗir

Jirgin ƙasa ya kai mu ƙarshen layi a Shubral Khaima, muka hau bas ta Ƙanaɗir, inda Nilu ke rabuwa biyu, tafiyar kamar kilomita ashirin da wani abu daga tsakiyar birni. Kafin gada aka tsayar da mu a shingen bincike. Muka miƙa fasfo da takardar zama. Ɗan sandan ya leƙa ledata, ya ɗaga kifin roba ta wutsiya.

"Wannan a wace kwaleji ake karanta shi?"

"Usuluddin, shekara ta uku," in ji Zinatu.

Ya yi dariya, ya ce in mun kama a kawo masa kai.

A bakin ruwa muka sami wata mata mai suna Ummu Hamada tana wanke tukunya cikin jirginta. A jirgin suke kwana ita da mijinta, ita ce kuma mai tuƙi. Ta yarda ta zaga da mu. Shekara uku rabona da shiga jirgin ruwa, amma ƙafata ta tuna inda ake takawa. Zinatu ta ƙanƙame katako tana karanto duk addu'ar da ta sani, har da ta shiga kasuwa.

Na ɗaura gajeren leɓe na saki zare. Ina ganinsa ƙarƙashin ruwa kamar kamu biyu, yana kaɗa jiki irin na kifi mai rauni. Matsakaicin ya nutse ya ɓace, amma ina jin rawarsa a yatsana, ya wuce lafiya a inda Ummu Hamada ta ce zurfin ruwan ya kai tsayin mutum biyu. Dogon kuwa ko nisa ba mu yi ba zare ya ɗaure tamau. Sai da ta juya jirgi muka koma ta bayansa kafin ya saki, ya fito da ciyawa da tsumman buhu. Ba mu kama ko ɗan ƙaramin kifi ba. Amma duk abin da na karanta na gan shi da idona, na kuma tabbata ba a zaɓen leɓe da ka.

Bayan azahar na koma gindin wata bishiya na danna lambar. Ya ɗauka. Na gaishe shi, na gaida kafaɗa, na gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare. Sannan na runtse ido.

"Baba, inda za ka ja kifin nan, gaba nawa ne zurfinsa?"

Ina jin kukan awakin gidanmu ta cikin wayar.

"To," ya ce. Ya kashe.

Na daɗe ina kallon wayar. Zinatu ta zo ta zauna kusa da ni. Ummu Hamada ta aiko mana gasasshiyar karfasa da shinkafa, na ci don kada ta ji ba daɗi.

Komawa

Hanyar dawowa ta cushe, ba mu kai Ataba ba sai bayan magariba. Tun a mota na yanke shawara: in babu amsa, matsakaici zan ɗauka, in bar wa Allah sauran. Ammu ya duba ƙugiyoyin ɗaya-ɗaya, ya cire sauran ciyawa daga dogon. Ya miƙa hannu zai sauko da matsakaitan ke nan waya ta yi ƙara. Lambar Baba ce. Bai taɓa kirana ba sai ranar.

Na fita waje na saurara. Da na dawo na ce wa Ammu gajeren leɓe biyar, na azurfa, da waya. Na shidan na daɗe a gaban bango kafin na nuna wani kore mai jan ciki.

Mun isa Ashir bayan isha, muka damƙa ƙunshin a hannun ɗan Birnin Kebbi, na roƙe shi ya sa cikin babbar jaka saboda ƙugiyoyi. Allah ne abin godiya da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ammu Sabri da Ummu Hamada, Allah ya saka musu. Zinatu ma haka, duk da ta hana ni cire takalmi sai na faɗa mata abin da aka ce a waya. Na maimaita mata yadda ya faɗa, da sautin ruwa na dukan gefen jirgi a bayansa:

"A gaya wa mai tambaya, ban so in ba ta amsa da ka ba. Na fito da igiya da dutse na auna. Bakin ciyawar burugu gaba ɗaya da rabi ne, ƙasansa duk itace. A sayo masu tafiya sama-sama." Ya yi gyaran murya. "Guda ɗaya kuma ki zaɓi wanda ya yi miki. Ba zan jiƙa shi ba. In kin dawo, ke za ki riƙe zare, ni in yi tuƙi."