Wuƙar Yaya Ilu Mai Agashe

Duk wanda ya taɓa cin agashe, wato tsirenmu na nan, a bakin tashar Suk al-Shabi ya san Yaya Ilu ba ya sayar wa mai sauri. Ka zo kana duba agogo, kana cewa mota za ta tashi, sai ya ajiye wuƙa ya harɗe hannu. "Ya zol, bawan Allah, je ka ci motar." Ni ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara talatin teburin shayina na manne da nasa, amma ko ni sai na bi layi. Kai, Yaya Ilu!

Ga kuma batun tafiya. Mahaifinmu ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a Jazira, ya tsaya tsinkar auduga, a nan aka haife mu. To, Yaya bai taɓa yarda cewa mun zauna ba. Har furfura ta cika masa kai a unguwarmu ta Mayo bai sayi gado ba. Matarsa Hauwa ta yi mita har ta gaji, ta sayo angareb, gadon igiyar nan. Ya zagaya shi sau biyu, ya ce, "Mabruk, ke kin iso. Ni ina hanya." Ya shimfiɗa tabarmarsa a gefe ya yi kwanciyarsa.

Mun sha dariyarsa, amma an yi shekarun da dariya ta yi mana wuya. Zamanin mulkin soja jami'an tsaro suka ɗauke ɗansa Haruna, ɗalibi, kan wasu takardu da ake rabawa a ɓoye. Gawarsa aka dawo mana da ita. Kowa a tasha ya san wanda ya nuna shi: Jibrin kwandasta, ɗan unguwarmu, wanda ya girma yana cin guntun nama kyauta a teburin Yaya. Tun daga ranar Yaya ya koma wasa wuƙarsa safe da yamma. Na san ba don nama ba ne, kuma ban hana shi ba.

Ranar da gwamnatin ta faɗi, da hantsi, gari ya ɗauki guɗa. Sai ga samarin tasha sun jawo Jibrin, riga a yage, suka zube shi gaban teburin.

"Baba Ilu, ga shi! Kai ke da hakki!"

Ya ɗauki wuƙar. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, cewa nake a raina, yi! Haruna a hannuna ya koyi tafiya. Yaya ya dubi Jibrin, ya daɗe yana dubansa, sannan ya dubi garwashi.

"Nama na kan wuta. Ku jira."

"Haba Baba, wane nama kuma?"

"Sauri kake? Ba na sallamar mai sauri." Ya jefa wa Jibrin mafici. "Kai kuma zaman me kake yi? Fifita!"

Jama'a, ban taɓa ganin an gasa nama da nawa irin ta ranar ba. Tsinke ɗaya sai ya juya shi sau goma, ya shinshina, ya barbaɗa yaji, ya mayar. Jibrin yana fifita, hawaye na zuba. Samari suka tsaya har ƙafa ta gaji. Can aka zo da labarin ana sakin fursunoni a ƙetaren kogi, sai suka fara zamewa da ɗai-ɗai, wasu har da agashe a hannu. Kafin azahar mu uku muka rage.

"Tashi ka tafi," in ji Yaya. "Ban isa Ɗakin Allah ba tukuna, ba zan je da jinin ɗan unguwa a hannu ba."

Da ya tafi na ce, "Yaya, ka yafe masa ke nan?"

"Wa ya faɗa maka? Ban yanka shi ba dai. Yafiya sai na ƙara girma."

Mutumin da ya haura sittin fa! Daga nan na samu abin tsokana. Kowace Sallah sai na ce, "Yaya, an girma?" Ya harare ni. "Da saura."

Jibrin bai bar unguwa ba. Ya koma tallan ruwa da jaki, kullum ya wuce sai ya yi sallama, Yaya ya amsa a ciki-ciki yana kallon bango. Haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru.

Kwana biyu kafin rasuwarsa ya kira ni, murya ta riga ta shige. "Je ka gaya wa yaron nan na girma."

Na tarar da Jibrin a bakin famfo, shi ma kai ya yi fari. Da na faɗa masa, sai ya saki igiyar jakin ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ni ma na zauna kusa da shi.

Allah Ya jiƙan Yaya Ilu, Ya haɗa shi da Harunansa, Ya yafe masa fiye da yadda ya yafe. Mu kuma da muka ce "yi" a zuci, Allah Ya sa mu girma kafin a kira mu. Amin.