Ladabin Noeleen a Bakin Kogi

Shekara talatin Noeleen Pratt tana ba masu kamun kifi hayar kwalekwale a wani kogi kudu da birnin Darwin, kuma duk wanda take so, zaginsa take yi. Mijinta ma har ya mutu "tsohon banza" take kiransa. Da bakin nan take tsare ran mutane: "Kai, dolo, bar bakin ruwan nan, kadoji ba su karya kumallo ba!" Su yi dariya, su rama, su matsa.

Sai ga Chet Hollister, Ba'amurke mai fara'a da yawan godiya. Ranar farko ta ce masa dolo, ya ɗaure fuska.

"Baiwar Allah, a garinmu ba a yi wa baƙo magana haka."

Abin ya ƙona mata rai. Ta koma ce masa "ranka ya daɗe", ta gaya masa cikin ladabi cewa kada yakan haddace inda mutum ya saba tsayawa, ya yi masa kwanto. Ya yi godiya, ya ɗauka hira ce. Kwana uku yana gyaran kifi a kan dutse ɗaya a bakin ruwa.

Safiya ta huɗu, tsuntsayen bakin kogin suka yi tsit. Noeleen ta hango sabon sawun jan cikin kada a laka, faɗinsa ya kai na ƙofa. Chet na tsugune, ya ba ruwa baya.

"Kai, jaki! Taso nan!"

Ya miƙe a hankali, bai matsa ko taku ɗaya ba.

"Na ɗauka mun gama da maganar zagin nan," in ji shi.