Ƙafata da Ƙafafun Sanusi

Jama'a, ina nan da rai. Tun girbin bara kuka daina jin ɗuriyata, yau ga dalili.

Kututturen gero ne ya soke ni a ƙafar dama, a bakin garken ƙanena Sanusi, can Bande. Ko ɗingishi ban yi ba. Sai ƙafa ta kumbura, ta fara wari, zazzaɓi ya kayar da ni. Aka kai ni asibiti a Magariya.

Serom, wato ƙarin ruwa, allura safe da yamma, wankin ciwo mai sa babba kuka. Tsohon da ke gadon kusa da nawa ciwonsa ya fi nawa muni, magani ɗaya ake ba mu, ya warke ya tafi. Na yi masa barka, amma a baki kawai.

Aka aika da mugunyar ciwon zuwa Damagaram don analiz, wato gwaji. Da sakamako ya dawo, likita ta ce ƙwayoyin cutar ba sa jin maganin. Na ce ba zai yiwu ba, ni ban taɓa sayen maganin kan tire ba. Sanusi ne ke haɗiyar kafso ja da rawaya kamar gyaɗa, har cikin ruwan shanunsa yake fasawa.

Ta ce, "Malam Habu, ba sai kai ka sha ba. Ƙwayoyin nan suna miƙa wa juna ɗan guntun halittarsu mai kare su daga magani, ko ba jinsinsu ɗaya ba. Mai yiwuwa ta cikin saniya ce ta ba ta cikin taki, ita kuma ta ba wadda ta shige ka."

Saura magani ɗaya, wata allura mai tsada. In ya ƙi, a gwiwa za a yanke.

Kullum Sanusi yana shigowa da fura, yana takawa lafiya lau. Ban cika kallon fuskarsa ba, ƙafafunsa nake kallo, raina yana tafasa. Wata rana na kasa daurewa, na ce, "Kai ka sha maganin, ni na kwanta."

Ranar kasuwa ya sayar da bijiminsa, aka sayo allurar.

Alhamdu lillahi, ƙafa ta tsira. Yatsu biyu suka tafi.

Na gode wa likitoci da masu jinya, da ku da kuka sa ni a addu'a. Don Allah kada ku sha kafso sai likita ya rubuta, kada ku zuba wa dabba da ka. In abu ya soke ku kusa da taki, ku wanke da sabulu, ku je a duba.

Sanusi, Allah ya mayar maka da bijiminka. Amma ka yafe min: har yau in ka cire takalmi a ƙofar masallaci, sai na ƙirga yatsunka.