Gwangwanin Sukarin Yaya da Buhun Abincin Kare

Yayana direban bas ne, ko in ce da can, domin ya ajiye sitiyari. Ni ce autarsu, kuma tun da mijina ya rasu, matarsa ita ma ta bi, nake zaune a ɗakin baya na gidansa, ina dafa masa abinci ina yi masa faɗa. Duk wanda ya san Yaya ya san bai yarda da abin awo ba, bai kuma yarda da rubutu ba. Bas ɗin da ya tsufa yana ja, allurar da ke nuna yawan mai ta mutu tun yana da gashi a ka, bai taɓa kai ta gyara ba. Filas ɗin shayinsa ne ma'auninsa. Ya cika tanki, ya cika filas. In ya girgiza filas ya ji shayi ya yi ƙasa, sai ya karkata kan mota zuwa gidan mai. Sau ɗaya tak mai ya yanke masa a hanya, ranar da marigayiya matarsa ta tausaya masa ta ƙara shayi a filas bai sani ba. Fasinjoji suka sauka suka yi ta turi, shi kuwa yana girgiza filas yana rantsuwa akwai mai.

Ranar da ya bar aiki ya tsinci ɗan kwikwiyo a ƙarƙashin bas, ja, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Ya sa masa suna Kwandasta, don ba ya da aiki sai tsayawa a bakin ƙofa yana yi wa masu shigowa ihu. Ni ban so ba. Na ce gidan da ya ishe mu mu biyu da ƙyar, ina za mu kai na uku mai cin takalmi? Yaya ya share kanta guda a bayan kicin, ya jera kayan kare, ya ce in ci gaba da magana, yana ji.

Nan ya dawo da tsohuwar dabararsa. Kowane kayan kare ya ɗaure shi da wani abu nasa. Buhun abincin Kwandasta ya haɗa shi da gwangwanin sukarinsa: rana ɗaya ake cika su, kuma in cokali ya fara kankare gindin gwangwani, to buhu ma ya kusa, sai ya ɗauki hula ya nufi shago. Ƙwayar tsutsar ciki ya haɗa ta da aski. Maganin kaska ya haɗa shi da tukunyar gas. Ledojin kwashe kashi kuwa da ashana suke tafiya. Ba ya leƙa buhu, ba ya ƙirga ƙwaya, ya ce leƙe aikin marasa tsari ne.

Wahalar duk a kaina ta ƙare. Baƙo bai isa ya sha sukarin gwangwanin nan ba, ko da daga asibiti aka sallamo shi. In na ɗora wake, sai in ji Yaya a bayana yana numfashi.

"Auta, rage wutar nan."

"Yaya, waken bai nuna ba."

"Kaska ma ba su nuna ba. Kina so gas ya ƙare in ɗura wa bawan Allah magani kafin lokacinsa?"

Haka muke cin wake mai ƙarfi kamar tsakuwa saboda lafiyar kare.

Sai gashin Yaya ya ƙarasa zubewa. Sanƙo ya cinye kan ƙaf, ko na rantsuwa bai bari ba. Na ce to, yau dai ƙwayar tsutsa ta rasa mijinta. Ashe ban san yayana ba. Ya je ya sami mai askinsa na shekara da shekaru, suka yi shawara. Mai askin ya ce shi hannunsa ya san lokacin da gashin ya kamata a ce ya fito. Daga nan duk sanda lokaci ya yi, sai ya leƙo ta taga ya ce, "Direba, kanka ya cika." Yaya ya je ya zauna, a yafa masa zane, a kunna inji, a zaga da shi sama da fatar kai ba tare da an taɓa komai ba, a karkaɗe masa wuya da buroshi, a nuna masa ƙeya a madubi. Ya juya hagu, ya juya dama, wani lokacin har ya ce an rage masa gefe da yawa. Daga can ya wuce kantin maganin dabbobi.

Da a nan abin ya tsaya, da dariya kawai za mu yi ta sha. Amma Yaya ya fara mantuwa. Na tsinci tabaransa a cikin firji. Wata safiya ya sa tsohuwar rigar aikinsa ya tafi tasha, ya tsaya yana neman bas ɗin da aka daɗe da sayarwa, sai wani tsohon abokin aikinsa ne ya rako shi gida. Tsoro ya kama ni, na kira 'yarsa, ita kaɗai gare shi. Nas ce a wani asibiti a ɗaya ƙarshen gari, tana zaune a hawa na sama a gidan haya, inda mai gidan ko kyanwa bai yarda a shigo da ita ba. Yarinyar kirki ce, sai dai kullum a guje take, har gaisuwarta a waya kamar ana korar ta.

Ta sa na buɗe muryar wayar don ya ji.

"Baba, ka dawo wurina. Karen a ba wani."

"Mamana, wa zai san lokacin maganinsa?"

"Kai ma ai ba ka sani ba, Baba. Wanda ya manta ya bar aiki, ta yaya zai riƙe dabba? Zan zo in duba da idona. In na tarar ka manta masa abu ɗaya, ɗaya tak, ka haɗa kayanka."

Yaya ya ce ya yarda. Bayan ta kashe, ya daɗe zaune hannunsa a kan Kwandasta, ni kuma na ji kamar in mari kaina don ni na kira ta.

Ana cikin haka likita ya ce Yaya na da ciwon sukari, ya hana shi ko lasa. Gwangwani ya tsaya cak a rabi. Yaya na buɗewa ya ga da saura, hankalinsa a kwance, har ranar da ya zura kwano a buhu ya ji leda. Kwandasta ya yini da gutsuren burodi, yana kallonsa. Ban taɓa ganin hawayen yayana ba sai ranar, ko a rasuwar matarsa ɓoyewa ya yi.

Ya fara gwada zuba rabon sukarinsa na kullum a tsakar gida don tururuwa. Tururuwa ba su da amana: suka bi sawu har kanta, suka shiga gwangwanin suna ɗibar abin da ba a ba su ba, lissafi ya rikice. Sai ya juyo kaina.

"Auta, cokali nawa kike sa wa shayinki?"

"Ɗaya."

"Daga gobe huɗu ne. Ukun nawa ne, ki sha mini."

Na zage shi iya zagin da ƙanwa za ta iya yi wa yaya, wato a zuci, na kuma sha. Shayin har kama leɓe yake yi. Zanena ya fara ƙin zagayowa, maƙwabciyata tana tambaya ko wani ne ya fito neman aurena. Amma buhu bai sake ƙarewa ba a sani ba.

Ran nan da hantsi sai ga 'yar tasa, da babban akwati fanko tana ja. Ta durƙusa ta gaishe mu a gurguje, ta wuce kantar bayan kicin kamar mai zagayen ɗakin marasa lafiya. Yaya ya bi ta, hula a hannu. Ni na tsaya a bakin ƙofa ina addu'a, Kwandasta kuma ya rasa wa zai yi wa ihu.

Ta ɗaga buhu, da nauyinsa. Ta duba ƙwayar tsutsa, sabuwa. Ta juya kwalbar maganin kaska, ta buɗe bakin karen ta duba haƙora, ta tona gashin wuyansa ba ta sami ko ƙuma ɗaya ba. Ta ga gwangwanin sukari ya yi ƙasa, ta zaro ido.

"Baba! Sukari kake sha?"

"Gwaggonki ke sha mini."

Ta kalle ni sama da ƙasa, ta ga shaida. Har na fara sauke ajiyar zuciya, sai ta miƙa hannu can ƙuryar kanta ta jawo wata doguwar kwalba ta fesawa, irin turaren da ake fesa wa kare don kashe wari. Ta goge ƙurar jikinta, ta karanta, fuskarta ta canza.

"Ga shi nan. Gwaggo, zo ki gani. Wannan ya daɗe da lalacewa, kuma ko kwata ba a taɓa ba. Baba, ka saya ka manta da shi. Abin da nake faɗa ke nan."

Ni ban ma san da kwalbar ba. Yaya ya karɓe ta, ya girgiza ta kusa da kunnensa yadda yake yi wa filas, ya daɗe yana saurare.

"Ban manta ba, Mamana. Ai ko ɗazu na fesa masa, sunkuya ki ji."

"To da me ka haɗa shi da ba ya ƙarewa? Da wane gwangwanin?"

"Da ke na haɗa shi. Tun yana ɗan kwikwiyo kika ce ba kya son warinsa. Shi ya sa ranar da za ki zo kaɗai nake fesawa." Ya sake girgiza kwalbar. "Ni ma na ga ta daɗe. Na ɗauka ko kwalbar ce mai albarka."

Ba da gatse ya faɗa ba, wallahi. Da gatse ne da ta sami abin mayarwa. Ta tsaya riƙe da gefen kantar. Sai ta sunkuya a kan karen da ba ta taɓa shafawa ba, wai tana shinshina turaren, ta daɗe a sunkuye kafaɗunta na rawa. Kwandasta ya lashe mata kunne, ba ta ture shi ba.

Ta kira asibiti ta ce a nemi mai riƙe mata aikin yamma. Ta ci abinci da mu, ta auna jinin babanta, ta auna nawa ta yi salati. Da za ta tafi, ta jefa tsohuwar kwalbar a shara, ta ce kada ya kuskura ya sake fesa wa dabba abin da ya lalace, ita za ta kawo sabuwa ranar hutunta.

Yaya ya raka ta bakin ƙofa yana ja mata akwatin, yadda ya zo fanko.

"Mamana, babba za ki sayo ko ƙarama? Don in san yadda zan tsara."

"Babba, Baba," ta ce. "Ka bar mini ita, ni zan ƙarar."