Matatar Iska a Saitin Rana

A garejin da nake jiran motata akwai wani dattijon bakanike, siriri, da tabarau ɗaure da zare. Wani direban tirela yana miƙa masa bututu mai ƙyalli, wai idan an ɗaura a mashigar iskar inji, shan mai zai ragu.

"Baba, maigidana ya ce in bai ragu ba, in ajiye makulli."

Dattijon bai karɓa ba. Yana zaro tsohuwar matatar iska, yana ɗaga ta saitin rana. Ko ɗigon haske ba ya ratsawa.

"Ɗana, motarka mura take yi, ka sayo mata sarƙar wuya! Sauya wannan, ka riƙe makullinka."

Ina zaton bai taɓa zama a aji ba. Ni da na shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa kammala darasi da sauri haka ba.