Bashin da Aka Yafe a Bakin Gawa

Safar hannu, auduga da sirinji nake sayarwa tsakanin Sokodé da Dapaong. Yayan matata yana da ƙaramin asibiti a Zango, ni nake kai masa kaya, kuɗina kuma kullum sai sun kwana a hannunsa. Aiki ya iya, karɓar kuɗi ne bai iya ba. Takardun inshora na jibge a kwali, littafin bashi ya kumbura.

Ni na kawo shawarar. A Dapaong na san wani ofis da ke cika wa asibitoci takardun inshora, ya bi musu bashi ta waya, ya cire kasonsa. Na ce, "Yaya, kai ka riƙe allura, ka bar musu lissafi." Yaya ya ce, "To, alhajin dabara, in dai za ka bar ni in sha iska."

Ba zan yi musu ƙarya ba, sun yi aiki. Kuɗin inshora da muka fid da rai suka fara shigowa. Sai suka nemi tsohon littafin bashin.

Akwai wani mahauci da ya yi doguwar jinya a asibitin har ya rasu. Ranar jana'iza liman ya tambaya sau uku ko akwai mai bin mamacin bashi. Yaya na tsaye kusa da ni, ya yi shiru. A wurinmu wannan shirun yafewa ce, duk Zango ta shaida. Amma bai koma ya soke sunan ba, don a ganinsa magana ta ƙare.

Ni na kai littafin Dapaong. A mota na buɗe, na ga sunan, na ga adadin, na tuna nawa nake bin Yaya. Na rufe littafin.

Saƙo ya shiga wayar mamacin, wadda ke hannun matarsa, tana cikin takaba. An karanta mata: asibiti na bin mijinki bashi. Ba ta tambayi kowa ba. Ta sa aka sayar da firjin da take ƙanƙara da shi, ta tura wa ofishin kuɗin, don kada mijinta ya kwana da nauyi a kabari.

Ƙanin mamacin ya zo har asibiti, gaban marasa lafiya, ya ce, "Likita, ashe kunyar liman ka ji ranar nan?"

Yaya ya kai mata kuɗin da kansa. Daga bayan labule ta ce an riga an biya, ba ta karɓa.

Da ya dawo ya kira ni. "Ka ga sunan?"

"Na gani."

Bai ɗaga murya ba. Cikin mako ya sayar da babur ɗinsa, ya aiko min da kuɗina cif. Yanzu wani ɗan Kambolé ke kai masa kaya. Ofishin Dapaong kuwa yana nan yana masa aiki, ni kaɗai aka sallama. In mun haɗu a suna ko ɗaurin aure, yana gaishe ni kamar baƙon da ya sauka a tasha.